Wa Zai Tsaya wa Buba

Warri,
Oktoba, 1976

Zuwa ga taubashina Malam Salihu, makarantar Rafin Kanya, ta hannun gidan wayar Gwaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran makaranta.

Shekara uku ke nan rabona da gida. Na faɗa maka ne don na san ba ka ƙirgawa. Ina nan inda ka sani, ina bin bututun mai a cikin taɓo da fensir a kunne, ina rubuta wanda ya iso da wanda ya lanƙwashe. Ruwa ba ya ɗaukewa a garin nan. Rigar da na wanke ran Juma'a, har Litinin da sanyinta nake sa ta. Mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana koya wa 'ya'yan mutane karatu, yau bututu yake kiwo, shi kuwa bututu ko sannu ba ya cewa. Ba na zargin kowa. Sun ce mai takardar malanta ta uku ba ya zama hedimasta, kuma haka dokar take. Abin da ba su faɗa mini ba shi ne yadda mai takarda ta uku zai ciyar da matarsa Barira da 'ya'ya biyar.

Ba kuka na zo yi ba. Wani direban motar shanu, mutumin Zandam, ya ce mini tun da aka fara ilimi kyauta makarantarmu ta cika ta batse, har a gindin bishiya ake aji. Ya ce an kawo muku sabon hedimasta daga Birnin Kudu, yaro mai babur. Tun da na ji hankalina bai kwanta ba, saboda zaman Alhamis.

Don Allah, in ba wanda ya yi masa bayani, kai ka yi masa. Ka ce masa kowace Alhamis kafin a tashi, yara kan taru a gindin kanya, malamai su koma gefe su kama bakinsu. Wanda aka zaga ya faɗa, wanda ya fito gida ba kari ya faɗa, wanda yake tsoron wani ya faɗa. Ka ce masa yaran su ke zaɓar wakilinsu, kowa ya tsaya bayan wanda yake so, kuma wakilin ba ya riƙe bulala. Ka ce masa duk sabon yaro ana ba shi yaya daga babban aji: ɗan gari a haɗa shi da ɗan ruga, ɗan ruga a haɗa shi da ɗan gari. In ya ce wasa ne, ka tuna masa yadda muke kafin nan. Kowace kaka sai an fasa kan wani yaro a bakin rijiya, saboda rigimar gona da shanu da suka kwaso daga bakin iyayensu. Ba wani boko ba ne a ciki. Na dai lura yaron da cikinsa ke cike da magana ba ya da wurin zuba lissafi.

Wa suka zaɓa bana? Ka rubuto, kada ka yi mini irin taka.

Ka gaida Barira in ka shiga Gwaram ran kasuwa. Ka ce mata ina lafiya, kada ka ƙara komai a kai.

Naka,
Abdulsalami.

*

Rafin Kanya,
Nuwamba, 1976

Zuwa ga Sarkin Bututun Warri, Allah ya ja zamaninka a cikin taɓo.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, ta sha ruwa har na ɗauka kukan naka ne ya jiƙa ta. Kowa lafiya. Barira ta ce in gaya maka awaki sun haihu, kai ne dai ba ka da labari mai daɗi.

Direbanka bai yi ƙarya ba. Yara sun haura ɗari huɗu, mu kuwa malamai huɗu ne, ɗaya ma bara yake aji bakwai. Ina koyar da ajin farko a rumfar zana, in na juya allo in na waiwayo sai in ga rabin ajin sun bi akuya. Hedimasta sunansa Malam Sabo. Ba mugu ba ne, kada ka fara. Yana riga kowa zuwa, shi ke share ofis da kansa. Na yi masa bayaninka tsaf. Ya saurara, ya dubi agogonsa, ya ce, "Malam Salihu, yara ɗari huɗu. Da hira zan riƙe su?" Amma bai hana ba. Ya ce a yi, ya gani.

Aka yi zaɓe. Kana tuna Buba ɗan Maikano, siririn nan da ya zo maka ba ya iya ɗaga kai? Yanzu yana aji bakwai, shi ne na ɗaya a lissafi. Layin da ya tsaya bayansa, wallahi sai da ya kai bakin rijiya. 'Yan gari sun fi 'yan ruga yawa a ciki. Shi ke taho da yaran ruga goma sha shida kowace safiya, ƙanana a gaba, shi a baya kamar mai kora.

Bari in ba ka ɗaya ka ji daɗi. Akwai wata ƙaramar yarinya a ajina, Hapsatu, tun da aka kawo ta ba ta magana, da an ɗan jima sai ta tsere gida. Na yi tsawa, na yi lallashi, a banza. Buba ya riƙa zama kusa da ita lokacin hutun tara, bai tambaye ta komai ba, yana dai ɓare mata gyaɗa. Rannan da kanta ta ce masa uwarta ce ba lafiya, tana tsoron ta mutu ita tana makaranta. Sai ya shirya da yayarta ta makaranta, kullum da hutu su je su leƙa su dawo. Yanzu Hapsatu ta fi kowa surutu, ina neman wanda zai mayar mini da ita yadda take.

Sai dai akwai abu ɗaya. Malam Sabo ya naɗa monitoci nasa daban, manyan yara shida, ya ba kowa tsumagiya, don a tsayar da layi da hana makara. Shugabansu Ƙasimu ne, ɗan dagaci. Malam Sabo ya ce in ɗan dagaci ya yi magana iyaye ma za su ji. Ka san dagaci ne ya ba da filin da za a gina sababbin azuzuwa. To yanzu muna da shugaba biyu, ɗaya da layi, ɗaya da bulala. Ƙasimu ma ya tsaya zaɓen, mutum tara suka bi bayansa, uku ƙannensa ne. Bai manta ba.

Ka ci abinci, an ce ka rame. In ba tuwo a can ka ci bututu.

Taubashinka,
Salihu.

*

Warri,
Nuwamba, 1976

Malam Salihu, sallama da gaisuwa. Allah ya shirye ka.

Na karanta labarin Hapsatu a tsaye, na sake karantawa a zaune. Na gode.

Ba zan zagi Malam Sabo ba. Ni da yara ɗari da ashirin na yi nawa, kuma na san sunan uban kowa. Da ni aka jibga wa ɗari huɗu, ban san abin da zan ɗauka a hannu ba. Amma bulala a hannun yaron da aka ƙi a bainar jama'a, wannan ba ta da kyau, kuma laifin tsarina ne ma. Tsayawa a bayan mutum yana da daɗi ga wanda layinsa ya yi tsawo. Ban taɓa tanadar komai ba don wanda zai waiwaya ya ga mutum tara.

Ga abin da za ka yi, kuma ka yi da wuri. Ka sa Buba ya je har gida ya gaida Ƙasimu. A ba Ƙasimu aiki a zaman Alhamis, ko shi ya riƙa buɗewa, ko shi ya riƙa kiran mai magana. Yaron ba mugu ba ne, na koyar da shi. In aka yabe shi yana iya ɗaukar dutse. Kaka ta shigo, shanu za su fara gangarowa gonaki, ka san lokacin ne bakin manya ke zafi, yara kuma su kwaso.

Buba kuwa ina tuna ranar da aka kawo shi. Maikano ya tsaya can nesa, ya gaishe ni, ya tambayi gida, ya tambayi ruwa, sannan ya nuna da haɓa ya ce, "Malam, ga wannan. Na ba ka." A gaban liman da dagaci ya faɗa. Ɗan farinsa ne, ko sunansa ba ya iya kamawa. Na ce na karɓa. Sai ga shi na karɓa na taho Warri.

Ka tabbata sunansa ya shiga cikin masu jarrabawar shiga sakandare. Yaro irin wannan ba a samunsa kowace shekara.

Naka,
Abdulsalami.

*

Rafin Kanya,
Disamba, 1976

Malam Abdulsalami, assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Yau ba wasa a bakina.

Takardarka ta kwana a Birnin Kudu, ta kwana a Gwaram, ta iso bayan abin ya riga ya faru.

Shanun ruga sun shiga gonar makaranta sun cinye wake. Ba na gidan Maikano ba ne ma. Da safe Ƙasimu ya tare yaran ruga a bakin hanya, ya jera ƙananan, ya ce kowa ya miƙo hannu, shanun ubanninsu sun ci waken gwamnati. Ya zane huɗu. Yana kan Azumi, 'yar shekara shida, Buba ya iso. Waɗanda suka gani sun ce bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ƙasimu, bari sai Alhamis." Ƙasimu ya ce, "Alhamis ta gidanku." Ya sake ɗaga hannu. Buba ya riƙe tsumagiyar, ya murɗe ta daga hannunsa, ya je ya jefa ta rijiya. Bai taɓa jikinsa ba. Amma yara suka yi ihu suna tafi, Ƙasimu ya tafi gida yana kuka.

Malam Sabo ya ce Buba ya zauna a gida har ubansa ya zo ya tsaya masa. Aka zauna a ofis: hedimasta, da dagaci, da ni, da Maikano. Buba yana tsaye a bakin ƙofa.

Dagaci ya ce, "Ni ban ce a kori ɗan kowa ba. An kunyata nawa a gaban yaran gari. Uban yaro ya buɗe baki ya ce ɗansa ya yi kuskure, a yafe masa, shi ke nan mu tashi."

Maikano ya ce, "Ranka ya daɗe, waken da aka ci, ni zan kawo madadinsa."

Malam Sabo ya ce, "Baba, ba maganar wake muke ba. Maganar Buba muke."

Da Maikano ya ji sunan sai ya sunkuyar da kai, ya kama wasa da bakin sandarsa. Har ni sai da kunya ta kama ni. Can ya ce, "Wannan, Malam, ku ne iyayensa. Yadda kuka gani."

Malam Sabo ya ce, "Kalma ɗaya, Baba. Ka ce ɗana ne, a yi masa haƙuri."

Wallahi Maikano ya yi ƙoƙari. Ya kasa. Duk wanda ke ɗakin ya san dalili, har dagacin, shi ma ba ya kiran sunan babbar 'yarsa. Amma rai ya riga ya ɓaci. Dagaci ya ce, "To kun gani, ko uban bai tsaya masa ba."

Na ce ni na tsaya. Ya ce, "Kai ma'aikaci ne, Malam Salihu, ba kai aka ba wa ba." Baffan yaron, wanda ya kamata ya yi magana, ya riga ya yi kudu da rabin garke. Sai dagaci ya ce, "A gabana aka ba wa Malam Abdulsalami shi. In ya zo ya tsaya, na karɓa."

Maikano ya yi sallama da kowa ɗaya bayan ɗaya, ya fita. Ya wuce ta gaban ɗansa bai dube shi ba. Washegari ko yaro ɗaya bai zo daga ruga ba. An dakatar da zaman Alhamis har ƙura ta lafa. Sunayen masu jarrabawa kuma za a kai su Birnin Kudu da an dawo hutu, kuma wanda aka dakatar ba ya shiga.

Na je rugar. Buba yana ba maruƙa ruwa. Na ce me zan gaya wa Malam? Ya ce, "Ka ce masa ban dake shi ba."

Ka zo in da hali.

Salihu.

*

Warri,
Janairu, 1977

Salihu, sallama.

Ranar da takardarka ta zo na tafi wurin helma, shugaban aikinmu. Na ce ina neman mako ɗaya, ɗana ne ke cikin matsala. Ya ce mutuwa ce? Na ce a'a. Ya ce asibiti ne? Na ce a'a. Ya ce to mene ne? Na tsaya ina neman yadda zan faɗa masa da Turanci cewa wani uba yana son ɗansa har ba ya iya kiran sunansa, kuma saboda haka sai na hau mota kwana uku. Ban samu ba. Ya ce aiki ya kai tsakiyar fadama, duk wanda ya tafi kada ya dawo, akwai mutum ashirin a bakin ƙofa suna jiran fensirina. Ba ƙarya ya yi ba, ina ganinsu kullum.

Na ɗaure kayana. Har tasha na je. Na zauna a kan benci ina kallon motar Kano tana cika, ina lissafa bakin da ke jirana a Gwaram. Motar ta tashi ina zaune. Ka faɗa wa wanda ka ga dama, ba zan musa ba.

Abin da ke ci mini rai, ƙasar nan kuɗi ke malala a cikinta. Ina ganin jiragen ruwa sun yi layi. An gina azuzuwa, an sayo allo, an sayo babur. Amma a rasa wanda zai ce yaro ya yi daidai da ya hana a daki 'yar shekara shida? Duk da haka ba zan ce dagaci ba shi da tasa ba, ɗansa ne ya shigo gida yana kuka. Maikano kuma ba zan ce ya karya abin da ya tashi a kai ba. Kowa na da gaskiyarsa, yaron ne kawai za a bari a waje.

Ga takardu biyu na haɗo. Ɗaya ta Malam Sabo ce, ya karanta wa dagaci. Na ce ni Abdulsalami, wanda aka ba wa Buba a gaban shaidu, na durƙusa, ɗana ne, a yi masa haƙuri. Ɗayar ta Dada ce, kakar su Buba. In tsohuwar nan ta ce a koma makaranta ba namijin da zai ce a'a a rugar. Ka karanta mata a hankali, kada ka sa wasa.

Ka hanzarta, don Allah.

Abdulsalami.

*

Makarantar Rafin Kanya,
Fabrairu, 1977

Zuwa ga Malam Abdulsalami.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ni ne Sabo, wanda aka ɗora wa makarantar da ka yi wa hidima. Ba mu taɓa haɗuwa ba, amma ba ranar da ba na jin sunanka.

Takardarka ta same ni, kuma a ranar na kai wa dagaci na karanta masa. Ban kai ƙarshe ba ya ce, "Ya isa. Na karɓa. Da ma abin da nake jira ke nan." Har ya ce a gaishe ka.

Sai dai ina baƙin cikin sanar da kai cewa sunayen sun riga sun tafi. Na riƙe su iyakar yadda zan iya, har aka aiko mini sau biyu. Washegarin da dagaci ya amince na hau babur na tafi Birnin Kudu da kaina. Aka ce an rufe, an aika gaba. Na nemi alfarma, aka ce makarantu da yawa ne, in an buɗe wa ɗaya sai an buɗe wa kowa. Baɗi kuma ban san ko za mu same shi ba.

Malam, ina so ka san ban jahilci abin da ya hana Maikano magana ba. Ni ma ɗan fari ne. Ranar da na ci jarrabawa mahaifina ya ji a bakin mutane, ya ce madalla, ya ci gaba da alwala. Na san abin da nake nema a wurin bawan Allahn nan ba zai iya ba. Na zaci ganin dagaci zai sa ya daure sau ɗaya, dagaci kuma ya zaci ni zan janye. Ina da yara ɗari biyu a rana ba rufi, filin kuma na dagaci ne. Ba uzuri nake kawowa ba, yadda abin ya kasance ne.

Na karɓe bulalar monitoci. Na mayar da zaman Alhamis. Sai dai ban san yadda ake yinsa da yara ɗari huɗu ba, na baya ba sa jin na gaba. In kana da shawara ina saurare.

Ka huta lafiya.

Naka cikin ladabi,
Sabo.

*

Rafin Kanya,
Maris, 1977

Taubashi, assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma yi maka sannu.

Ban san ta inda zan fara ba, bari in bi shi yadda ya zo.

Alhamis ta farko da aka mayar da zaman, yara suka taru, ba wakili. Sai Hapsatu, wannan mai bakin, ta miƙe ta ce, "Ni yayata ba ta zuwa, 'yar ruga ce. Wa zai raka ni?" Wani ma ya ce nasa yayan ba ya zuwa. Wata ta ce ƙanwarta. Ba wanda ya kama sunan Ƙasimu, amma kowa shi yake kallo. Malam Sabo ya yunƙura zai yi magana, na taka masa ƙafa. Can Ƙasimu ya tashi ya ce, "To ni me kuke so in yi?" Hapsatu ta ce, "Ka je ka ɗauko su mana. Ba kai ka kore su ba?"

Ran Asabar ya je. Shi kaɗai, a ƙafa, bai gaya wa ubansa ba. Na bi shi daga baya da takardar Dada, wadda na kai sau biyu ana ce mini tsohuwa ba ta jin daɗi.

Buba ba ya nan. Tun sati biyu kafin nan aka tura shi kudu wurin baffansa da sauran shanu. Ba wanda ya tilasta shi. An ce da ya ji sunaye sun tafi, shi ya ce zai je. Ƙasimu ya tsaya a tsakiyar ruga yana tambayar ta wace hanya suka bi, kamar zai iya cim musu.

Kafin Buba ya tafi ya bar saƙo wurin ƙaninsa Ɗanladi. Ya ce in 'yan makaranta sun zo da kansu, ba malami ba, a bar ƙanana su koma. Saboda wannan Ɗanladi da Zahara'u suka biyo mu. A'i da Ruƙayyatu kuwa Ƙasimu ne ya durƙusa wa uwarsu har ta yi dariya ta ce ya tashi kada ya jawo mata magana.

Dada ta sa na karanta mata takardarka sau biyu. Ta ce, "Malamin nan yana can cikin ruwa yana tuna mu?" Na ce yana tunawa. Ta ce sauran yaran, iyayensu sun riga sun raba musu aiki, ba za ta tayar da gida ba. Amma Azumi a ɗakinta take kwana, ita ke da iko da ita. Ta ce, "Wannan ta Malam ce. A kai masa."

Da za mu taho Maikano ya rako mu har bakin rafi. Muka yi sallama. Sannan ya ce, yana kallon wani wajen, "Malam, wanda ya tafi ɗin nan, da an bar shi, da ya ci jarrabawar?" Na ce da ya ci. Ya ce, "To." Ya juya.

Yanzu Ƙasimu ke zuwa bakin rafi da safe ya taho da su.

Ka yi haƙuri, ɗan'uwa.

Salihu.

*

Warri,
Afrilu, 1977

Salihu, wa alaikumus salam. Na gode da wahala. Ka gaida Malam Sabo, ka ce masa ya raba su gida huɗu, kowane da bishiyarsa. Iyakar shawarata ke nan, ban ma tabbata za ta yi ba.

Na zauna na yi lissafi, tun da shi ne sana'ata yanzu. Yara goma sha bakwai suka bar makaranta, har da Buba. Biyar sun dawo. Biyu Buba ne ya dawo da su, yana can cikin daji. Biyu Ƙasimu ne, da gwiwoyinsa. Ba zan ci haƙƙin yara in sa a nawa ba.

Wanda aka ba ni a gaban shaidu, ban riƙe shi ba. Abin da na iya cetowa daga nan, Azumi ce. Ita ɗaya.

Ka sa ta a gaba, inda za ta ga allo.

Wassalam.

Naka,
Abdulsalami.